WAYAR DAIDAITA HAƘORAN YARA: WANE MAGANIN RAGE CIWO YA FI DACEWA?

Haƙoran yaro kan fito a cunkushe, wani ya hau kan wani, ko kuma na sama su turo gaba har leɓe ya kasa rufe su. Irin wannan yana hana tauna abinci sosai, yana sa wanke baki ya yi wuya, sannan yana jawo wa yaro tsokana a makaranta. Likitocin haƙori suna gyara shi ta hanyar manna ƙananan ƙarafa a jikin haƙoran, su ratsa siririyar waya a cikinsu, wadda za ta riƙa jan haƙoran a hankali har su hau layi. Yawanci ana fara wannan aiki ne idan yaro ya kai shekara 11 zuwa 14, wato bayan ya gama famfara, kuma yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ma fiye.

Ba a kowane asibiti ake yin wannan aiki ba. Mutumin Kusada ko Kankiya da ke son a gyara wa ɗansa haƙori sai ya kama hanya zuwa babban gari. Da dama sukan bi titin da ya ratsa Tsanyawa da Bichi zuwa Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake da sashen kula da haƙoran yara. To, a nan ne matsalar take. A lokacin da ake sa wayar yaro ba ya jin wani ciwo, har ma yakan fito yana dariya. Ciwon sai an dawo gida yake tasowa, galibi da dare, alhali likitan da ya yi aikin yana can Kano. Abin da ya rage wa uba shi ne ya nufi kemis mafi kusa, kuma abin da zai sayo a wannan dare shi ne muke son mai karatu ya sani tun kafin ranar ta zo.

ME KE KAWO CIWON?

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure shi, tare da ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi. Idan waya ta ja haƙori, zaruruwan gefe ɗaya sukan matse, na ɗaya gefen su miƙe. Jiki sai ya saki wasu sinadarai a wurin, babba daga cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira furostagilandin. Wannan sinadari aiki biyu yake yi. Na farko, yana tayar da ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙashi kaɗan-kaɗan a gefen da aka matse, domin haƙori ya sami wurin matsawa, yayin da sabon ƙashi ke cike bayansa. Na biyu, yana sa jijiyoyin wurin su riƙa jin zafin abin da a da ba sa jin zafinsa, har tauna tuwo ma ta zama aiki.

Ciwon yana da lokacinsa. Yakan fara bayan awa 2 zuwa 4 da sa waya, ya kai ƙarshen tsananinsa bayan kamar awa 24, daga rana ta uku ya fara sauka, kafin mako guda kuma ya tafi. Haka zai riƙa dawowa duk lokacin da aka koma aka ƙara ɗaure wayar, wato bayan kowane mako 4 zuwa 8, sai dai bai cika kai na farkon ba. 'Yar robar da ake cusawa tsakanin turamen haƙori kafin a sa waya ita ma tana kawo irin wannan ciwo. Saboda haka maganin da ake bukata na kwana biyu ne zuwa uku kawai, ba na tsawon lokacin da wayar za ta yi a baki ba.

FARASITAMOL

Wannan shi ne wanda jama'a suka fi sani da Panadol, sunan da aka fara sayar da shi a Ingila a 1956. Aikinsa ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da laka, inda yake rage yadda ake jin ciwo, yana kuma saukar da zazzaɓi. Ba ya rage kumburi sosai. Kyawunsa shi ne ba ya cin ciki, ana iya shan sa ko ba a ci abinci ba, kuma ba ya tsinka jini.

Haɗarinsa yana ga wuce ƙima, domin idan ya yi yawa hanta yake lalatawa. Abin tsoron shi ne, yaron da ya sha fiye da ƙima yakan wuni lafiya lau, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku alamun su bayyana, lokacin da ɓarna ta riga ta yi nisa. Akwai maganin da ke karya gubar, amma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko. Don haka idan aka gane an wuce awo, a tafi asibiti nan take, kada a jira sai yaro ya kwanta.

IBUFUROFEN

Wani masanin magunguna mai suna Stewart Adams ne ya jagoranci samar da shi a kamfanin Boots da ke Ingila, aka fara sayar da shi a 1969 da sunan Brufen. Dangin asfirin ne da diklofenak. A 1971 John Vane ya gano cewa magungunan wannan dangi suna aiki ne ta hanyar hana jiki yin furostagilandin, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1982. Ke nan ibufurofen yana zuwa har wurin da ciwon ya taso ya rage kumburin, kuma yakan ɗan fi farasitamol daɗewa yana aiki.

Amma furostagilandin ba a bakin yaro kaɗai yake ba. Shi ne ke kare bangon tumbi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, shi ne kuma ke taimaka wa jini ya isa ƙoda yadda ya kamata, musamman lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Idan magani ya danne shi, kariyar nan takan ragu. Wannan ne ya sa ake cewa a sha ibufurofen bayan an ci abinci, a kuma sha ruwa isasshe.

WANNE YA FI AIKI?

Mutane da yawa sun ɗauka ibufurofen ya fi ƙarfi, farasitamol kuwa na ƙaramin ciwon kai ne. A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitoci na duniya ta tace shi, ta duba bincike 32 da aka yi a kan mutum 3,110 masu shekara 9 zuwa 34 da ake daidaita wa haƙori. Ga abin da ya fito:

1. Wanda ya sha maganin rage ciwo ya fi samun sauƙi a kan wanda bai sha komai ba, ko wanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta.

2. Da aka gwada farasitamol da ibufurofen kai da kai, ba a ga hujjar cewa ɗaya ya fi ɗaya ba, ko bayan awa 2, ko awa 6, ko awa 24. Masu nazarin sun ce binciken da aka yi a kan wannan gwaji ƙanana ne, amma abin da suka nuna ke nan.

3. Shan ibufurofen awa ɗaya kafin a cusa robar nan tsakanin haƙora ya fi rage ciwon awoyin farko a kan shan sa bayan an gama. Daga baya kuwa bambancin yakan gushe.

Darasin a fili yake. Tun da su biyun suna aiki, abin dubawa wajen zaɓi shi ne wanda ba zai cutar da yaron da ke gabanka ba.

SHIN MAGANI YANA JINKIRTA GYARAN?

Tambaya ce da ta dace, tun da mun ce furostagilandin ne ke buɗe wa haƙori hanya. A 2006 an buga wani bincike da aka yi a kan ɓeraye, wanda ya nuna asfirin da ibufurofen sun rage saurin matsawar haƙori, farasitamol kuwa bai rage ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa likitocin daidaita haƙori da dama suka fi son a fara da farasitamol. Duk da haka, shan ibufurofen na kwana biyu ko uku a awon da aka saba ba zai ɓata aikin shekara biyu ba. Abin gudu shi ne a mayar da shi abin sha kullum.

A DUBA YARON, A DUBA LOKACIN

A yankinmu akwai abubuwan da ke sa a ƙara taka-tsantsan da ibufurofen. Kada a ba yaro shi idan:

1. Yana amai ko gudawa, ko bai sha ruwa sosai ba. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yaron da ya wuni a mota daga Kano ya dawo da ƙishirwa, ƙodarsa tana cikin matsi tun kafin a ƙara mata magani.

2. Yana da gyambon ciki, wato olsa, ko ya taɓa yin baƙin bayan gida.

3. Yana da ciwon ƙoda, ko jininsa ba ya saurin tsayawa idan ya ji rauni.

4. Yana da asma wadda ta taɓa tashi bayan shan asfirin ko danginsa.

5. Yana fama da ƙaranbau, domin maganin na iya sa ƙurajen su rikiɗe su zama mummunan ciwon fata.

Mai cutar sikila kuwa, sai da sanin likitan da ke duba shi, domin ƙodarsa na bukatar kulawa ta musamman. Haka nan idan yaro yana da ciwon hanta, ko ya rame ƙwarai saboda tamowa, to ko farasitamol ɗin ma likita ne zai yanke masa awo.

Yawancin masu sa waya sun kai shekarun yin azumi. Idan ranar komawa asibiti ta faɗo cikin watan Ramadan, ana iya roƙon likita ya duba ko zai yiwu a matsar da ita. Idan ba ta matsu ba, farasitamol ya fi sauƙin sha a buɗa-baki da sahur. Ibufurofen kuwa ba a buɗe baki da shi, sai an ci an sha tukuna.

Da damina kuma a tuna da zazzaɓin cizon sauro. Wayar haƙori ba ta kawo zazzaɓi. Duk magungunan nan biyu suna sanyaya jiki, don haka suna iya ɓoye maleriya ta yi ta cin yaro ana cewa haƙori ne. Idan jiki ya yi zafi, a je a gwada jini.

AWON MAGANI

Nauyin yaro ake bi, domin sa'o'in juna biyu kan bambanta da kilo goma ko fiye. A roƙi a ɗora yaro a sikeli ranar da aka je asibiti, a rubuta nauyin a katinsa.

Farasitamol: miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo, bayan kowace awa 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce sau 4 cikin awa 24. Ƙwayar da aka saba gani miligiram 500 ce.

Ibufurofen: miligiram 5 zuwa 10 a kan kowane kilo, bayan kowace awa 6 zuwa 8, kada ya wuce sau 3 a rana, kuma kada sha ɗaya ya wuce miligiram 400. Ƙwayoyinsa akwai mai 200, akwai mai 400, saboda haka a karanta jikin kwalin.

Misali, yaro mai kilo 25 zai sha rabin ƙwayar farasitamol, ko ibufurofen mai 200 guda ɗaya. Mai kilo 35 zai sha farasitamol ƙwaya ɗaya, ko ibufurofen mai 200 guda ɗaya. Mai kilo 50 zai sha farasitamol ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ko ibufurofen mai 400 guda ɗaya. Idan na ruwa ne, a auna da murfin awon da ya zo da kwalbar ko sirinji marar allura, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

A fara da magani ɗaya. Idan farasitamol bai wadatar ba, kuma yaro ba ya cikin waɗanda muka lissafa a sama, likita na iya ba da izinin a haɗa da ibufurofen. Idan an kai ga haka, a riƙa rubuta lokacin da aka ba da kowanne a takarda, mutum ɗaya kuma ya riƙe aikin. A gida mai jama'a abu ne mai sauƙi uwa ta ba da, kaka ta ƙara, uba ya dawo daga kasuwa da nasa a aljihu. A kuma lura cewa magungunan mura irin su Procold suna ɗauke da farasitamol a cikinsu, haka ma ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗa ibufurofen da farasitamol da kafin wuri guda. Wanda ya ba da su tare da Panadol ya ninka awo bai sani ba.

MAGUNGUNAN DA BA A BA YARO

Asfirin. Kada a ba wanda bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita. Yana da alaƙa da wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta, wadda wani likitan Ostireliya mai suna Douglas Reye ya bayyana a 1963. Ba ta da yawa, amma tana kisa, kuma ta fi kama yaron da ya sha asfirin yana cikin mura ko ƙaranbau. Ingila ta hana ba da shi ga 'yan ƙasa da shekara 12 a 1986, ta ɗaga zuwa 16 a 2002. A sani cewa garin Alabukun asfirin ne da kafin. Haka kuma ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ba ya kashe ciwo, ƙone wurin yake yi.

Kodin da tiramadol. Suna iya danne numfashin yaro, suna kuma kama mutum ya kasa bari. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba da su ga 'yan ƙasa da shekara 12, a watan Mayun 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan da shan sa ya zama annoba a tsakanin matasa. Ciwon da zai tafi da kansa cikin mako guda bai kai a buɗe wa matashi wannan ƙofa ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Diklofenak da allurar kashe ciwo. Sun fi ƙarfin wannan matsala, sai idan likita ya rubuta.

Ampiclox da Flagyl. Waɗannan na kashe ƙwayoyin cuta ne, ciwon waya kuwa ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba.

Haɗin kemis. Wato ƙwayoyi kala-kala da ake ƙullawa a leda babu suna. Idan abu ya faru, ko likita ba zai san abin da yaro ya sha ba.

A KULA DA INDA AKA SAYO

A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan bayan shan wani ruwan maganin fitar haƙori mai suna My Pikin. Farasitamol ne a cikinsa, amma an haɗa shi da wani sinadari mai guba irin wanda ake sawa a man birki, wanda ya kashe musu ƙoda. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin asibitocin da suka karɓi yaran. Saboda haka a sayi magani a cikin kwalinsa, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da zai lalace, a kuma guji wanda ake talla a faranti ko bayan babur rana tana dukan sa. Mafi sauƙi shi ne a karɓo shi a ɗakin magani na asibitin tun kafin a kamo hanyar gida. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

ABIN DA KE TAIMAKO BAN DA MAGANI

A kwanaki ukun farko a ba yaro abinci mai laushi: koko, kunu, fura da aka dama sosai, fate, alala, dafaffen ƙwai, ayaba, gwanda, da tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa. Ruwan sanyi, ko da na randa ne, yana kwantar da zogi. Idan ƙarfe ya goge kunci ko leɓe har ya yi rauni, a manna ɗan kakin da likita ya bayar a kan ƙarfen, a kuma kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da aka sa wa rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙwayar magani ba ta hana ƙarfe gugar nama, kakin ne ke hanawa.

Rake, goriba, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi, gasasshiyar masara da tauna ƙashi duk suna ɓalle ƙarafan, don haka a haƙura da su har a cire waya. Asuwaki ma yakan maƙale ya lanƙwasa waya, buroshi mai laushi ya fi. Game da cingam, wani bincike da aka buga a 2016 a kan yara 1,000 a Ingila ya nuna tauna wanda ba shi da sukari ya rage yawan ibufurofen da suka sha, bai kuma ƙara ɓallewar ƙarafa ba. Duk da haka a tambayi likita tukuna, domin ba kowace irin waya ce ke jure shi ba.

A kuma gaya wa yaro gaskiya tun kafin a tafi: zai ji ciwo, gobe zai fi yau, jibi zai fara sauƙi. Yaron da ya san abin da ke tafe ya fi haƙuri, bai kuma cika neman a cire masa wayar ba.

YAUSHE ZA A KOMA ASIBITI?

A nemi likitan haƙori idan ciwo ya wuce mako guda ko yana ƙaruwa bayan rana ta uku, idan haƙori ɗaya ne ke bugawa yana hana barci ko ya canza launi, idan dasashi ko fuska ta kumbura ko ana ganin mugunya, ko kuma idan waya ta zare tana sukar kunci. Kada a kai wa mai gyaran babur ko maƙeri ya yanke ta. A rufe bakinta da kaki, a buga wa asibiti waya.

Wasu alamun kuwa ba sa jiran tafiya Kano. Idan bayan shan magani yaro ya yi ƙuraje, leɓe ko ido ya kumbura, numfashi ya yi wuya, ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, fitsari ya ragu ƙwarai, ko ido ya yi rawaya, a tsayar da maganin, a garzaya asibiti mafi kusa a Kusada, ko Babban Asibitin Kankiya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A tafi da kwalin maganin a hannu.

KAMMALAWA

Ga yawancin yara, farasitamol shi ne na farko, a awon da ya dace da nauyinsu, na kwana biyu zuwa uku. Ibufurofen yana aiki daidai da shi ga yaron da ya ci, ya sha, kuma ba shi da larurar ciki, ƙoda ko numfashi. Kafin a bar ɗakin likita, iyaye su tabbatar sun fito da abu huɗu: nauyin yaro a rubuce, sunan magani da awonsa, kakin rufe ƙarfe, da lambar wayar da za a kira idan dare ya yi.